Daga Gurmi Zuwa Biram: Nazari Kan Rayuwa da Waƙar Malam Mamman Barka

Tsakure

Maƙalar ta bibiyi rayuwar Malam Mamman Barka, mawaƙin Nijar da ya rasu a Yamai ranar 21 ga Nuwamba 2018. Hujjarta ita ce aikin koyarwa, ba gadon kiɗa ba, shi ya sa ya iya ceto biram.

Asali da tashe

An haife shi a Tesker, cikin jihar Damagaram, a ƙarshen shekarun 1950, a gidan Tubawa makiyaya. A ƙasar Hausa yawanci gadon kiɗa ake yi, makaɗi kuma yana da ubangidan da yake wa waƙa. Barka bai bi wannan hanya ba. Malamin makaranta ne da ya rungumi gurmi mai tsirkiya biyu, yana tsara waƙoƙinsa da kansa cikin Hausa da Barbarci da Tubanci, har sunansa ya tsallaka Nijeriya. Laƙabin Malam daga aji ya samo shi.

Zancen biram

Biram kayan kiɗan Buduma ne, masuntan Tafkin Cadi. Tsirkiyarsa biyar, ƙirarsa ta kwalekwale, kuma masu shi sun ɗauke shi abu mai tsarki da ke da alaƙa da iskokin ruwa. Zuwa farkon wannan ƙarni, gwani guda ya rage da aka sani, Bukar Tar. A 2002 Barka ya sami tallafin UNESCO, ya bar Yamai ya je ya zauna gabansa a matsayin almajiri. Tafiyar ba ta wasa ba ce: daga Yamai zuwa bakin tafkin ya haura kilomita 1,300, ga bambancin harshe da al'ada.

A nan tarbiyyar aji ta yi rana. Mutumin da ya saba tsara darasi ya san yadda ake karɓar ilimi daki-daki, a kuma miƙa shi ga wanda ba ɗan gida ba. Tsoho Bukar Tar ya koya wa Barka waƙoƙin biram, ya kuma damƙa masa nasa biram. Barka ya dawo da shi cibiyar koyar da kiɗa ta CFPM Taya a Yamai.

Sai dai ceton ya zo da sauyi, abin da masu yabo kan tsallake. Kayan da ake kaɗawa tsakanin masunta ya koma na dandamali da ɗakin ɗaukar sauti. A 2008 Barka ya kaɗa shi a bikin WOMAD a Ingila tare da Umaru Adamu, makaɗin kalangu da duma, kuma a 2009 kamfanin World Music Network ya fitar da faifansu, Introducing Mamane Barka. Ta wannan faifai akasarin masu sauraro na waje suka fara jin biram, daga hannun Batube, da rakiyar kalangun Hausawa.