Daga Ƙahon Wanzami Zuwa Tabarau na Kwamfuta: Tarihin Jiyyar Ciwon Ƙugu a Ƙasar Yauri

Gabatarwa

A wannan takarda za mu yi ƙoƙarin bin tarihin jiyyar ciwon ƙugu mai daɗewa, watau wanda ya wuce wata 3, a ƙasar Yauri da Ngaski da Shanga. Ra'ayinmu shi ne, ba a raba wannan ciwo da sana'ar mai shi, don haka duk maganin da bai san sana'ar ba, da wuya ya zauna.

Sana'a da Ciwo a Bakin Kwara

Tun kafin zuwan Turawa, Gungawa suna zaune a tsibiran Kogin Kwara suna noman albasa da ban-ruwa na hannu, Sarkawa kuwa suna su, suna tuƙin jirgi. Ɗibar ruwa a sunkuye, da jefa birgi, da jan taru, duk a ƙugu nauyinsu yake sauka. Idan ciwo ya tsananta, sai a nufi wanzami ya yi ƙaho, ko mai ɗori ya yi tausa, ko a jiƙa sassaƙe a sha. Abin lura a nan shi ne, mai maganin maƙwabci ne, ya san aikin da majiyyaci zai koma yi.

Ginin madatsar ruwa ta Kainji, daga 1964 zuwa 1968, ya ta da kimanin mutum 44,000 daga mazauninsu. Tsibirai da yawa sun nutse, aka koma noman bakin tafki da su a ruwa mai faɗi. Mazauni ya sake, amma sunkuyo da ɗaukar kaya suna nan.

Zuwan Jiyyar Asibiti

Aikin gashi da motsa jiki ya shigo Nijeriya cikin 1945 a asibitin ƙashi na Igbobi, Ikko. An buɗe asibitin ƙashi na Dala a Kano cikin 1959, sa'an nan Jami'ar Ibadan ta fara ba da digiri a fannin cikin 1966. To, amma duk waɗannan a manyan birane suke. Masuncin Wara da ya tafi Kano jiyya ya bar jirginsa, ya bar iyali ba abin cefane. Wannan ne ya sa da yawa suka dogara ga ƙwayar kashe zafi ta kanti, wadda ke kwantar da ciwo ba tare da ta gyara baya ba.

Tabarau na Kwamfuta

Wannan na'ura ce da ake ɗaurawa a ido, mutum ya ga kansa cikin wata duniya ta hoto kamar da gaske. Cikin 1996 Hunter Hoffman da David Patterson na Jami'ar Washinton suka soma amfani da ita ga waɗanda suka ƙone, domin hankalin da ya tafi ga kallo ba ya jin zafi sosai. Ga mai ciwon ƙugu akwai amfani na biyu: tsoron motsi kan sa shi kwanciya, kwanciyar ta raunana tsoka, ciwon ya daɗu, wasan cikin na'urar kuwa yakan sa shi miƙewa da juyawa bai ankara ba.

Cikin Nuwamba 2021 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da EaseVRx, mai darasi 56 cikin mako 8. Kafin haka, cikin 2019, masana a Jami'ar Obafemi Awolowo, Ile-Ife, sun gwada wasan kwamfuta mai sa majiyyaci miƙe baya, suka ga amfaninsa ya yi kusa da na motsa jikin da ake yi a asibiti. Har ila yau, cikin 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙi motsa jiki da ilimantar da majiyyaci, a guji ƙwayoyi masu sa maye.

Kammalawa

Darasin wannan tarihi a fili yake. Wanzami yana kusa, amma bai koyar da motsi ba. Asibiti ya koyar da motsi, amma yana nesa. Na'urar nan tana iya haɗa kusanci da koyarwa, in an cika sharuɗɗa uku. Na farko, ta yi magana da Hausa da harsunan Gungawa da Kambari. Na biyu, wasanninta su kwaikwayi tuƙi da jefa birgi, ba wasan ƙanƙarar Turai ba. Na uku, ma'aikacin lafiya ya fara duba majiyyaci, domin wani ciwon bayan tarin fuka ne ya kama ƙashi, kallon hoto ba ya warkar da shi. Ga wutar caji kuwa, ba ƙaramin abin kunya ba ne a ce ta gagara a bakin tafkin da aka ta da mutane domin samar da lantarki. Ma'aunin nasara guda ne: ko masunci ya koma jirginsa, ko bai koma ba.