Jirgin Lokoja da Masana'antun Kano

Tsakanin Kano da bakin teku akwai tafiyar fiye da kilomita 1,000, amma tun da layin dogo ya iso birnin a 1911 arzikinsa ya ɗauru da tashar jirgin ruwa. Gyaɗa da fatu su gangara kudu, injuna da gishiri da yadi su hauro arewa. Hanyoyin kuwa biyu ne: ɗaya ta bi ta Jebba ta ƙare a Ikko, ɗaya ta ratsa Kafanchan da Inugu ta ƙare a Fatakwal. Masana'antun Bompai, watau matatun man gyaɗa da masaƙu da majemu, da waɗannan hanyoyi suka dogara.

Tarzomar 1966 ta toshe hanyar gabas. Ran 27 ga Mayu 1967 aka ƙirƙiro jihohi 12, cikinsu har da Jihar Kano. Bayan kwana uku Ojukwu ya yi shelar ɓallewar Biyafara, a farkon Yuli kuma yaƙi ya ɓarke. Kayan Arewa duka suka koma kan layin Ikko, wanda ba a gina shi don ɗaukar nauyin layi biyu ba. Abin da ya fi wannan tsanani shi ne tsibirin Bonny, inda jiragen dakon ɗanyen mai suke lodi, yana hannun 'yan tawaye. Duk wanda ya riƙe Bonny shi kamfanonin mai za su saurara wa wajen biyan kuɗi.

A nan ne labarin jirgin Lokoja ya shigo. Jirgin dakon kaya da sojoji ne na rundunar mayaƙan ruwan Nijeriya, wanda aka samo daga Ingila. Irinsa Turawa suka ƙera da yawa a Yaƙin Duniya na Biyu don sauke tankoki a gaɓar Faransa a 1944. Ba shi da gudu, ba shi da manyan bindigogi. Amfaninsa yana ga ƙirarsa: gindinsa shimfiɗaɗɗe ne, ba ya bukatar ruwa mai zurfi, a goshinsa kuma akwai ƙofa wadda ake saukewa ta zama gada. Saboda haka yana iya kifa kai a kan yashi, sojoji da motoci su fita a inda babu matsayar jirgi ko ɗaya. Babban jirgin yaƙi mai suna Nijeriya, duk da ƙarfin wutarsa, ba zai iya yin wannan ba.

A ƙarshen Yuli 1967 ayarin jirage ya taso daga Ikko ɗauke da dakarun Laftanar-Kanar Benjamin Adekunle. Jiragen Nijeriya da Ogoja suka yi ruwan wuta, Lokoja ya kai sojoji gaɓa, Bonny ta faɗi. A watan Oktoba aka maimaita wannan dabara a Kalaba, nan ma Lokoja na cikin masu sauke dakaru. Da haka aka rufe wa Biyafara bakin teku, aka share fagen kama Fatakwal a Mayun 1968. Yaƙin ya ƙare a Janairun 1970.

Marubuta tarihi sun fi ambaton kwamandoji da jiragen sama, gama ba a cika yi wa jaki kirari ba ko da shi ya kawo kayan biki. Amma dubun soja a cikin jirgi ba su da amfani sai an sami abin da zai ɗora ƙafarsu a ƙasa.

Sakamakon ya bayyana a Kano bayan yaƙi. Nijeriya ta shiga ƙungiyar ƙasashe masu arzikin mai a 1971, farashi ya yi tsalle a 1973, a 1974 kuma ana haƙo fiye da ganga miliyan 2 kowace rana. Da wannan kuɗi, da kuma dokar mallaka wa 'yan ƙasa kamfanoni ta 1972, masana'antu suka cika Bompai suka malala zuwa Sharaɗa, daga baya Challawa ta zama matattarar majemu da masaƙu.

Sai dai ruwan da ya kawo kifi shi ya ci gona. Man da ya gina Sharaɗa ya kawar da hankalin hukuma daga noma. Fari da cutar gyaɗa ta 1975 suka ƙarasa aikin, dalar gyaɗa ta ɓace. Masana'antun suka koma sayo injuna da kayan sarrafawa daga ƙetare da kuɗin mai. Da farashinsa ya faɗi, aka kuma karya darajar naira a 1986, da yawansu suka rufe, dubban ma'aikata suka koma gida.

Jirgin Lokoja ya daɗe da barin aiki. Magadansa, Ambe da Ofiom, an ƙero su a Jamus wajen ƙarshen shekarun 1970, Ambe kuwa ya kai dakarun kiyaye zaman lafiya Laberiya a 1990. Abin da ya kamata ɗalibi da ma'aikacin gwamnati su riƙe shi ne, a 1966 Kano tana aika wa teku abin da ta noma, a 1986 kuwa tana jiran abin da teku za ta kawo mata.