Dunƙulen da Ake Murmushewa a Kan Garba

Wata baiwar Allah ta kira ni a shirin safe daga Treichville, ta ce: "Malam, wannan farin magin da ake cewa har tufafi yana wankewa, wa ya ce mu ci shi?" Amsar da na ba ta ko ni ba ta gamsar da ni ba, shi ya sa na koma bincike.

Duk wanda ya taɓa tsayawa rumfar garba a Adjamé ya san tsarin. Ɗan'uwanmu mutumin Nijar zai zuba aceke, ya ɗora soyayyen kifi da albasa da barkono, sannan ya murmushe dunƙulen Maggi a kai, ɗanyensa. Kakanninmu daddawa suka sani, wadda a nan ake kira sumbala. Ɗanɗanon kuwa asalinsa ɗaya, wani sinadari ne mai suna gulutamet. A 1908 Kikunae Ikeda ya tace shi daga ciyawar teku a Japan, a 1909 aka fara sayar da shi da sunan Ajinomoto, wato farin magin namu.

To wa ke cewa abu ba ya cutarwa? Da can kowace ƙasa da nata ma'aunin. A 1956 hukumomin abinci da lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya suka kafa kwamitin masana, JECFA, a 1963 kuma aka samar da hukumar Codex, wadda Kodebuwa ke cikinta, don a daidaita ƙa'ida. A 1987 kwamitin ya ce babu buƙatar sa wa gulutamet iyaka ta yini. Aka ɗauka magana ta ƙare. Ashe ba ta ƙare ba. A 2017 hukumar abinci ta Tarayyar Turai ta sake duba hujjojin, ta yanke miligiram 30 ga kowane kilo na nauyin jiki. Mai kilo 60 ke nan, kada ya kai giram biyu a yini.

Abin da ya fi damuna shi ne, gardamar ta ɗauke hankalinmu daga gishirin da ke cike da dunƙulen, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 a yini. Ɗan ga-ruwa ko ɗan dako da garba ce karinsa da abincin ranarsa, wa ya auna nasa?

Da na sake samun matar a waya na zayyana mata duk wannan. Ta yi shiru, can ta ce ita dai tana da hawan jini, kuma daddawa ta yi tsada a kasuwar Treichville.