Yadda Aka Gano Asirin Jar Ciyawar Teku

A gaɓar tekun Japan akwai wata ciyawa ja-ja mai kama da gansakuka, mutanen can suna ce mata nori. Ba ta da saiwa, ba ta fure. Maƙalewa take yi jikin duwatsu, daidai inda ruwa kan rufe in teku ta cika, ya kuma buɗe in ta janye. Ganyenta bai kai kaurin takarda ba. Sukan shanya ta falle-falle, su naɗe dafaffiyar shinkafa da ita.

Fiye da shekara 300 ke nan masunta na noman ta. A dā, da kaka ta yi sai su kakkafa gora cikin ruwa, su koma su jira. Wata shekara ta fito jingim, wata shekara ko ƙyas. Zafi na shigowa sai ta ɓace, ba wanda ya san inda irinta ke ɓuya. To, manomin da bai taɓa ganin irin abin da yake nomawa ba, ai caca yake yi. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu guguwa da ƙazantar ruwa suka haɗu, noman ya tasam ma mutuwa, masunta suka shiga wahala.

Magani kuwa daga Ingila ya ɓullo, wurin wata malama ta Jami'ar Mancesta, Kathleen Drew-Baker. Da ta yi aure cikin 1928 aka raba ta da aikin koyarwa, amma ba ta bar bincike ba. Ta ɗebo 'yar'uwar nori daga gaɓar Wales, ta zuba ƙwayoyin irinta kan ɓawon kawa, watau katantanwar ruwa. Sai ga su sun huda ɓawon, sun zama wani zare-zare ja. Masana sun daɗe da sanin zaren nan, har sun laƙaba masa suna Conchocelis, suna zaton wani tsiro ne dabam. Ashe ciyawar ce ta sake kama! Cikin ɓawo take raɓewa har zafi ya wuce, in ruwa ya yi sanyi ta saki sabon iri.

Cikin 1949 ta buga labarin abin da ta gani. Masanan Japan suka karanta, suka gwada, har cikin 1953 aka iya renon irin cikin ɓawon kawa, a shafa wa raga, a kai teku. Noma ya farfaɗo.

Ta rasu cikin 1957, ba ta taɓa taka Japan ba. Cikin 1963 masunta suka gina mata dutsen tunawa a garin Uto, inda ake taruwa ran 14 ga Afrilu kowace shekara. Suna kiran ta Uwar Teku.