Tarihin Gyaran Faƙo a Filin Ciyawar Gida

Al'adar shimfiɗa gajeriyar ciyawa a harabar gida domin ado ta samo tushe ne a gidajen sarauta da na attajiran Faransa da Ingila a ƙarni na 17, sannan ta bunƙasa a ƙarni na 18, lokacin da Lancelot Brown, wanda ya rasu a 1783, ya tsara wa manyan gidajen Ingila makekan filaye waɗanda tumaki ke kiwo a cikinsu, ma'aikata kuma suna daidaita na kusa da gida da dogon lauje. Yawan yayyafi da sanyin Ingila sun taimaka, amma duk da haka tattaki da inuwar itatuwa da tsutsar da ke cin saiwa sukan bar faƙo, wato wurin da ciyawa ta mutu ƙasa ta fito fili.

Masu kula da lambu na wancan zamani sun fi amincewa da dashe, inda sukan je makiyayar tumaki su yanko ciyawa falle-falle tare da saiwarta da ƙasarta, domin kiwon shekaru ya sa ta yi laushi ta kuma cunkushe, sai su shimfiɗa ta a kan faƙon, su daddanne, su bi ta da dutse mai nauyi da ake gangarawa. Yafa iri bai samu irin wannan karɓuwa ba, saboda sau da yawa a ƙasan ɗakin ajiyar ingirici ake share shi, gauraye da irin tsire-tsiren da ba a so. Aiki ne na ƙwarewa da haƙuri, kuma ga waɗannan ma'aikata, waɗanda tarihi bai cika ambaton sunayensu ba, ya kamata yabon kyawun filayen ya koma.

A 1830 Edwin Budding ya ƙera injin yankan ciyawa a kusa da garin Stroud na Ingila, bayan ya lura da injin da ke aske gashin yadi a masaƙa, kuma da aka yi manyansa waɗanda doki ke ja, har takalman fata ake sa wa dokin don kada kofato ya ƙwaƙule filin. Da wannan inji, ciyawar ado ta shiga gidajen masu matsakaicin hali, musamman a Amurka, inda unguwar Levittown da aka fara ginawa a 1947 ta wajabta wa mazauna yanka a kai a kai.

Sauyin da ya fi tasiri ya biyo bayan Yaƙin Duniya na Biyu, da shigowar maganin feshi mai suna 2,4-D, wanda ke kashe tsiro mai faɗin ganye ya bar ciyawa. Abin da yake kashewa ya haɗa da kulofa, wani ɗan tsiro mai ganye uku daga dangin wake, wanda a da ake sa irinsa da gangan cikin irin ciyawa domin yana ƙara wa ƙasa naitirojin, yana kuma yaɗo ya rufe gurbi. Kawar da shi asara ce ta gaske, domin daga nan filin ya dogara ga takin zamani, gyaran faƙo kuma ya koma kan mai gida, wanda zai kakkarce ƙasa da manjagara, ya yafa irin da ya sayo a kanti, ya rufe da ɗan taki, ya riƙa ban ruwa har tsiron ya kama.