Kiɗan Jiran Labarai: Kaset ɗin Mamman Sani a Kunnen Mutanen Tasawa da Mayahi

Ƴan'uwa ɗalibai, in aka ce mu faɗi abin da ya faru a Nijar cikin shekarun 1970, kowa zai zubo abin da ya hardace a lakwal: fari da yunwar 1973 zuwa 1974, juyin mulkin 15 ga Afrilu 1974 da ya kawar da Jori Hamani ya kawo Saini Kunce, kuɗin iraniyom na Arlit, tayar da samariya, kokowar takobi da aka soma a Tawa a 1975. Duk haka ne. Amma akwai wani ɗan kaset da aka naɗa a Yamai a 1978 wanda babu shi cikin kayen kowa, alhali kuwa iyayenmu sun fi shekara ashirin suna shan sautinsa. Tarihinsa nake so in ba ku, tare da abin da masu saurare na yankinmu suke cewa a kansa.

Mai kaset ɗin sunansa Mamman Sani Abdullahi. A Akara ta ƙasar Gana aka haife shi, ya taso a Nijar, ya yi aikin koyarwa, daga baya ya yi aiki da hukumar UNESCO. A wurin wani taro na wannan hukuma ne ya ga wani wakili ɗan ƙasar Ruwanda da org na lantarki ƙirar Italiya, samfurin Orla, wato irin abin da mu muke ce ma piyano. Ya lallashe shi har ya sayar masa. Wannan na'ura mutum ɗaya take mayarwa tamkar ƙungiya: hannun hagu na riƙe da sauti mai tsawo a ƙasa, hannun dama na fitar da karin, wani ɗan akwati a cikinta kuma yana buga kiɗa da kansa, ba ya gajiya, ba ya kuskure.

A 1978 ya shiga ɗakin naɗar sauti na gidan radiyon ƙasa da org ɗinsa. Ya buga sau ɗaya aka naɗa, ya sake buga wani a kai aka haɗa. Da hannun ma'aikatar al'adu cikin aikin, don an so a fitar da jerin kaset na kiɗan zamani na Nijar. Shirin bai yi nisa ba, kaset kaɗan ne suka fita. Sunan aikin La Musique Électronique du Niger, ma'ana kiɗan lantarki na Nijar. Kiɗa shida ne kawai a ciki, daga cikinsu akwai Salamatu da Lamru da Bodo. Babu waƙa, babu amshi. Da yawa daga karin kuwa daga waƙoƙin gargajiya ya ɗebo su, har da na Fulani Woɗaɓe da na Abzinawa.

Kaset bai shiga kasuwa ba, amma kiɗan ya shiga gidaje ta wata ƙofa. Muryar Sahel da Tele Sahel suka riƙa sa kiɗan Mamman Sani a tsakanin shirye-shirye, da ƙarƙashin muryar mai magana. A tuna, kafin taron ƙasa na 1991 babu radiyo mai zaman kanta a ƙasar nan. In ba ka karkata akwatinka zuwa Kaduna ko BBC ba, to Yamai kake saurare. Ke nan daga Tasawa har Mayahi, duk gidan da ke da radiyo da pil mai rai ya ji wannan org.

A hutun da ya wuce na sa kiɗan shidan nan cikin salulata, na yi ta kunna ma mutane a Tasawa da Maijirgi, sannan a Mayahi da Kanambakashe wajen dangin mahaifiyata. Ba na faɗin sunan mai kiɗan sai sun gama magana. Ra'ayoyin da na ji sun kasu kashi-kashi.

Kashi na farko dattawa ne da suka yi zamani da radiyo. Wani tsohon mushe da ya koyar da yayyenmu a Tasawa, ko minti ɗaya ba a yi ba ya ɗaga hannu ya ce, «Kai yaro, ina ka samo wanga? Ai kiɗan jiran labarai ne!» Na ce, «Mushe, wa ya yi shi?» Ya yi shiru, sannan ya ce shi a tunaninsa daga Faransa aka kawo shi tare da injunan gidan radiyo. Wannan amsa na ji ta a baki fiye da ɗaya. Da na ce ɗan ƙasa ne ya buga, kuma a Yamai, wasu sai da na nuna musu hotonsa. Abin da ya fi jan hankalina shi ne, dattawan nan ba su ce kiɗan da daɗi ko babu daɗi ba. Lokaci suke tunawa da shi. Wani ya tuna tsakar gidansu da magariba ana shiru don maigida zai ji sanarwa. Wata gwaggona ta ce ita yana tuna mata da shekarar El-Buhari, yunwar 1984, sa'ad da aka rufe iyaka da Nijeriya, mutane na kasa kunne ko za a ambaci garinsu cikin rabon taimako. Ta ce in kashe, ya isa haka.

Kashi na biyu ra'ayin masu sana'a ne, kuma shi ya fi kaifi. Wani makaɗin kalangu da na samu ranar kasuwa a Mayahi ya saurara har ƙarshe, cikin ladabi, sannan ya ce, «To ɗana, wa aka kira a nan ciki?» Na ce ba kowa. Ya ce to wa zai yi kari? Kada mu yi saurin yi masa dariya, don tambayarsa tana da tushe. A ƙasar Hausa kiɗa da mai shi yake tafe. Tambari na sarki ne, kalangu na mahauta, gangar noma ta manoma, ƴan kokowa da ƴan dambe kowa da takensa. Kalangu magana yake yi, wanda ya san take yana jin sunansa cikin fata. Shata da Ɗanƙwairo da Ɗan Anace, waɗanda iyayenmu suka sha ji daga Kaduna, duk wani suke wasawa, ko su zuga, ko su yi zambo. A wannan ma'auni, kiɗan da bai kira kowa ba, bai tsokani kowa ba, kamar wasiƙa ce babu suna a bayanta.

Amsar makaɗin ban same ta wurin ɗan boko ba. Wata tsohuwa Bafillata mai kawo nono, daga rugagen da ke bakin Gulbin Kaba, ita ta ba ni. Tana zaune ana kunna ma wasu, sai na ji tana bin karin a hankali da hanci. Na ce, «Inna, kin san shi?» Ta ce ba ta san wannan ba, amma ta san hanyarsa, irin busar da yaransu ke yi ce a bayan shanu. Nan na ga inda ma'aunin makaɗi ya tsaya. Sarewar makiyayi ba ta kiran sunan kowa, ba a yi mata kari, ba a taruwa dominta. Mutum ne shi kaɗai da daji da dogon yini. Haka uwa mai rarrashin jariri da guɗa-guɗan sauti marar kalma. Ashe muna da kiɗan zama shiru tun fil azal, sai dai ba shi da maroƙa masu yi masa shela, shi ya sa ba a lissafa shi. Mamman Sani ya ɗauko irin wannan karin ya sa shi cikin injin Italiya. Tsohuwar ta ji sarewa, mushe ya ji injin.

Kashi na uku mu ne, matasa. Gaskiya yawancinmu ba su yi haƙurin minti biyu ba. Wani abokina mai cajin salula a tasha ya ce, «Wai yaushe za a fara waƙar?» Wani ya ce kiɗan barci ne, wani ya ce kamar na jiran a ɗauki kira. Wata ƴar ajinmu kuwa ta ce in tura mata, don ta ga zai yi daɗin bitar darasi da dare, tunda babu kalmomin da za su ja hankali. Abin dariya, mu ne muka fi kowa shan piyano. Waƙoƙin finafinan Kano da muke kira dandali, da na biki, da na ƴan siyasa, duk jikokin wannan na'ura ne ke buga su. Kunnenmu ya saba da sautin, abin da bai saba da shi ba shi ne a bar sautin shi kaɗai.

Sai kashi na huɗu, waɗanda ba su taɓa taka Tasawa ba. Wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley, mai kamfanin faifai na Sahel Sounds a birnin Portland, ya ci karo da kaset ɗin cikin tsofaffin kaya a Yamai. Ya nemo mai shi, suka daidaita, aka sake fitar da aikin a 2013. Bayansa aka fitar da Taaritt a 2014, da wasu naɗe-naɗen da ya yi tsakanin 1981 da 1984. Mamman Sani ya je Turai ya yi wasa da furfurarsa. Masu saurare a can suka sa shi cikin wani rukunin kiɗa da suke kira ambiyan, wato kiɗan da ke cika ɗaki a hankali kamar turaren wuta, kana iya saurare, kana iya ci gaba da aikinka. Wani Bature ɗan Ingila, Brian Eno, shi ya yaɗa wannan suna da wani faifai da ya shirya don filayen jirgin sama, kuma a 1978 ɗin nan ya naɗe shi. Ku duba ikon Allah: a wurinmu in an ce ambiyans, ana nufin biki ya yi biki, ƙura na tashi. Kalma kusan ɗaya, ma'ana gabas da yamma.

Su mutanen waje in suna yabon kaset ɗin, hamada suke ambata, da taurari, da mafarki. Ba laifi, kowa da inda kiɗa ke kai shi. Amma ko mutum ɗaya cikin waɗanda na kunna ma a nan bai ambaci hamada ba. Sun ambaci labarai, da sanarwar gwamnati, da pil da ke ƙarewa, da yunwa, da shanu. Wannan ji na gida shi ne babu shi a rubuce ko'ina. In ka bincika sunan Mamman Sani a intanet, ra'ayin mutanen Turai da Amurka za ka tarar jibge, da harsunansu. Waɗanda suka rayu da kiɗan shekara da shekaru ba a tambaye su ba, kuma kullum raguwa suke yi.

Kada a ce tambayar mai saurare baƙon abu ne gare mu. Tun 1962 aka kafa ƙungiyar kulob-kulob na radiyo a Nijar. Mutanen gari su taru su saurari shiri, su tattauna, mai jagora ya naɗi muryoyinsu a aika Yamai a sa a iska. Kakanninmu sun faɗi ra'ayinsu kan noma da lafiya da tarbiyya ta wannan hanya tun ƙasar na da shekara biyu da samun mulkin kai. Mu da kowa ke yawo da na'urar naɗar murya cikin aljihu, mi ya hana mu?

Kuma abin da ya sami Mamman Sani bai ƙare a kansa ba. Wani matashi a Yamai da ake kira Hama ya yi ta buga karin gargajiya da piyano, kiɗansa na yawo daga salula zuwa salula ta Bluetooth da katin memwar, sau da yawa ba tare da sunansa ba. Shi ma Sahel Sounds ce ta fitar masa da Torodi a 2015 da Houmeissa a 2019. Ku buɗe salularku yanzu ku ƙirga kiɗa nawa ne ba su da sunan mai su, sai lamba kawai. Kaset ɗin 1978 ya yi shekara talatin da biyar yana jira, ya tsira don abu ne da ake iya ajewa a kan kanta. Katin memwar kuwa rana ɗaya yake ƙonewa, ko a goge shi don a sa sabon fim.

Don haka ga roƙona ga ƴan ƙungiya da duk wanda wannan ɗan littafi ya faɗa hannunsa. In kun koma gida hutu, ku kunna ma Baba ko Inna ko Kaka kiɗan nan, kada ku faɗi sunan mai shi tukuna. Ku tambaye su ina suka taɓa jin sa, a radiyon wa, wace shekara, mi ake yi a gidan a lokacin. Ku nemi izininsu ku naɗa, ku rubuta garin da ranar. Wanda ya ce ba kiɗa ba ne, ku rubuta hujjarsa yadda ya faɗa, kada ku gyara masa. Ku kawo mana, mu haɗa na Tasawa da na Mayahi da na Korgom da na Isawan cikin fitowa ta gaba. Kuɗin fotokopi kuma, kamar kullum, karo-karo za mu yi.