Gadon boko a ƙasar Madarunfa

Lokacin da Faransawa suka buɗe lakwal a ƙasar Maraɗi, masu hali ba su ɗauke ta wani abin arziki ba. Kamar yadda aka yi a wurare da dama na Nijar, idan komandan ya nemi yara, sarakuna da attajirai kan ɓoye nasu, su miƙa ƴaƴan barori da na talakawa. Abin da aka ɗauka wahala shi ya zama tsani. Bubu Hama, ɗan talakawa daga ƙasar Tera, ya bi wannan hanya har makarantar William Ponty ta Senegal, daga bisani ya shugabanci majalisar dokoki har zuwa 1974.

A kudancin Maraɗi kuwa, arziki wata hanya ya bi. Gujiya da fatauci tsakanin Ɗan Isa da Jibiya su suka haifar da Alhazan da Emmanuel Grégoire ya yi littafi a kansu a 1986. Yawancinsu da allo suka tashi, kuma kasuwa suka fara gadar wa ƴaƴansu. Yaro ya koyi lissafi a rumfar ubansa ko ta ubangidansa, ba ya bukatar takardar shaida.

Fari na 1968 zuwa 1974 ya karya noman gujiya, gonaki kuma suka yi ta tsukewa saboda rabon gado. A nan ne bambancin ya fito fili. Ma'aikacin da ya yi lakwal ya san ƙofar da ake ƙwanƙwasawa: ya yi wa ɗansa takardar haihuwa da wuri, ya duba masa karatu da dare. Alhaji, da ya ga amfanin abin, ya biya kuɗin makaranta mai zaman kanta ko madarasa, wani ma ya tura nasa Masar ko Saudiyya. Manomin Gabi ko Safo fa? Ko da ɗansa ya ci jarrabawa, sai an samo masa mai masauki a gari, da hatsin da zai kai gidan. Ɗiya mace kuwa sau da yawa tun kafin nan an yi mata baiko.

An buɗe jami'a a Maraɗi a 2010, wadda ke ɗauke da sunan Ɗan Dikko Ɗankulodo. Daga bakin tafkin Madarunfa zuwa ƙofarta tafiyar ƙasa da sa'a guda ce a mota. Ga yaron da babu mai karanta takarda a gidansu, shekara goma sha uku ce ta karatu, kowace kuma sai damina ta yi kyau.